Kafin Nura Ya Kunna Injin Walda

Roni,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Babura da duk hanyar da za ka bi bayanta, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya da shi. To, ka san halin. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, ban taɓa iya zaunar da kai na yi doguwar magana ba. Da na fara sai bakina ya yi nauyi, in ƙare da "Allah Ya yi albarka" in tashi. Wannan magana kuwa ta fi ƙarfin haka, shi ya sa na rubuta na ba mahaifiyarka ta sa maka a jaka.

Shekaranjiya ina alwala a bakin zaure na ji kana waya. Ba laɓe na yi ba, muryarka ce ba ta san sirri ba, irin tawa. Na ji ka ce ƙungiyar makiyayan da ta ɗauke ka aikin kwaso madara daga rugage ta damƙa maka a-kori-kurarta mai jan ƙafa huɗu, kuma Arɗo ya ce ka yi mata duk abin da zai hana ta kafewa kafin damina ta kankama. Na ji daɗi ƙwarai. Sai kuma na ji ka ce ranar Asabar za ka kai ta Kazaure abokinka Nura ya yi wa dif ɗin baya walda, wai sha yanzu magani yanzu. Abba, sai da na sake alwalar daga farko, don na manta inda na tsaya.

Tun a nan zan faɗa maka a fili: na rubuta ne don in hana ka, kuma ba zan fasa ba. Amma na san "kada ka yi" ba ta taɓa hana ɗan gidanmu komai ba, ni ma ba ta hana ni ba. Don haka zan ba ka labarin yadda ni na kai ga walda, daki-daki, domin ba rana ɗaya na yi wautata ba, tara ta na yi.

Ranar da Alhaji Sule mai hatsi ya miƙa mini makullin motarsa, ji na yi gari ya yi mini kaɗan. Ƙafa huɗu! A tasha har cewa nake wannan mota in ta ga dama kuka ma za ta hau. Damina ta farko aka aike ni wani ƙauye bayan Gwiwa in kwaso gero, a hanya akwai wata fadama. Wani dattijo da ke huɗa da shanu ya ɗaga mini hannu ya ce, "Direba, ka zaga ta tudu, nan ta sha ruwa."

Na leƙo na ce, "Baba, wannan ba irin motocin da ka saba gani ba ce."

Na sa ogzilare, giyar nan da ke haɗa ƙafafun gaba da na baya, na danna kai. Ban kai tsakiya ba ta zauna. Na taka totur, ta yi kuka, laka ta tashi sama, amma ko motsi. Da na leƙa ƙasa sai na ga abin da ya ɗaure mini kai: tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suna ta wulwulawa a cikin taɓo, sauran biyun da ke kan ƙasa mai ƙarfi suna tsaye kamar ba da su ake ba. Sai dattijon nan ya dakatar da huɗarsa. Ya kwance shanunsa daga garma, ya kira mutanen gonar maƙwabta, shanu na ja mutane na turawa, har muka fita. Sannan ya shafa wuyan sansa ya ce, "Ka ga nawa masu ƙafa huɗun, kowace ƙafa tana aiki."

Washegari na je Kazaure wurin Malam Garba, tsohon bakaniken da ke duba motocin Alhaji, ina kumfar baki wai an sayar mana da mota mai ciwo. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama, ya ce, "Ka san wannan?"

Na ce, "Dif ne."

Ya ce, "Suna ka sani. Ka taɓa huɗa da shanu?"

Na ce na taɓa.

"In an zo ƙarshen kunya za a juya, wane sa ne ya fi yawan taku?"

Na ce, "Na waje."

Ya ce, "To haka taya take. A kwana, ta waje tana cin hanya fiye da ta ciki, dif ne ke ba kowace damar tafiya da saurinta. Ba don shi ba, da ba ka sha kwana lafiya ba ko sau ɗaya. Aibinsa ɗaya, raggo ne. Duk tayar da ta fi sauƙin juyawa ita yake bi. Ɗaya ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, sai ya tattara juyin ya ba ta, ya bar mai ƙasa a tsaye. Kana da dif a gaba, kana da shi a baya. Kowanne ya yi ragwancinsa, ƙafa huɗunka ta koma biyu, biyun ma marasa amfani."

Ka riƙe wannan, Abba, don komai a kansa yake. Dif ba maƙiyinka ba ne. Kafin ka taɓa shi ka san cewa abin da yake yi maka a kwana ya fi abin da yake hana ka a laka. Kuma kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka bi hanyarka da ƙafa, ruga-ruga, ka tambayi masu kiwo inda ruwa ke kwanciya. Wajen Babura yawanci rairayi ne, shi kuwa rairayi rage iskar taya yake so, da tafiya ba tsayawa ba fizga. Ka tabbata tayoyinka huɗu girmansu ɗaya kuma da sauran zanensu. Yawancin kafewar da na yi a rayuwata ba laifin dif ba ne, laifin mai riƙe da sitiyari ne da ya ƙi sauka ya duba.

Da a nan na tsaya, da ba ka sami wannan takarda ba. Amma Malam Garba ya yi suɓutar baki ya ce akwai wani irin dif mai faranti a ciki, wanda in taya ɗaya ta fara zamewa farantan sukan riƙe, su tura wa ɗayar rabonta. Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Sai na ji labarin wani ɗan kasuwa a tsallaken iyaka, gaba da Babura, yana da aksil sukutum mai irin wannan dif, da aka cire daga motocin da ke ratsa sahara. Na lallaɓi Alhaji ya yarda, na je na gani. Tsawo ɗaya, ramukan noti ɗaya, har fenti ɗaya da namu. Na biya da sefa na ɗauko ina murna, na kuma kai wa wani bakanike daban ya ɗaura, don na san Malam Garba zai tsare ni da tambayoyi, ni kuwa sauri nake.

A rairayi ta yi daɗi, ba ƙarya. Kwana uku ina yabon kaina. Rana ta huɗu na fito daga yashi na hau burji mai tauri ban cire ogzilare ba, sai na ji motar tana nauyi kamar ana riƙe ta ta baya. Maimakon in tsaya sai na ƙara wuta. Ban yi nisa ba na ji wata ƙara a ƙarƙashin kujerata wadda har yau ban manta ba. Ogzilare ta tarwatse.

Da aka janyo ta gareji, Malam Garba ya leƙa ƙasa ya ga baƙon aksil. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ka ƙirga haƙoran?"

Na ce, "Malam, ai iri ɗaya ne sak."

Ya ce, "Ɗana, kama da wane ba ta wane."

Ashe a cikin kowane dif akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, kuma yawan haƙoransu ne ke yanke saurin taya. Wanda na sayo lissafinsa daban da na gaba. Ƙafafun gaba suna gudu, na baya suna tafiya. A yashi suna zamewa su huce, a ƙasa mai tauri kuwa babu inda za su huce sai a kan giyar da ta haɗa su.

Don haka duk abin da za ka saya, sabo ne ko ɗan Kwatano, kada ka yarda da ido. A ɗaga aksil da jak, a yi wa taya da farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa dif, alama da alli, a juya tayoyin biyu tare zagaye ɗaya, ka ƙirga da bakinka sau nawa farfela ta juya. Na gaba da na baya dole su zo daidai. In an buɗe, ka sa yatsa ka ƙirga haƙoran, ko da mai kaya zai ji haushi. Sannan ka dubi wanda zai ɗaura. Malam Garba, da ya cire mai farantin ya ɗora masa haƙoranmu na asali, sai da ya shafa wa haƙoran shuɗin fenti, ya juya, ya duba inda suke taɓa juna, ya kwance ya sake, har sau nawa ban sani ba. Yini guda ya yi a kai. Bakaniken da ka ga ya ɗauko guduma kafin ya ɗauko fenti, ka yi masa sallama ka tafi.

Da zai ba ni motar ya yi mini gargaɗi biyu. Ya ce mai faranti yana da mansa na musamman, kada in zuba masa kowane man giya. Ya kuma nuna mini ɗan hancin da dif ke numfashi ta cikinsa, ya ce in ya yi zafi na tsunduma shi a ruwa, zuƙa zai yi, don haka in sa wa hancin doguwar tiyo in ɗaure ta sama, kuma duk ranar da na ƙetare ƙorama in duba man. Na ce to. "To" ɗin nan ita ce iyakar abin da na yi. Man da na samu a bakin hanya shi na zuba, tiyo kuwa kullum sai gobe. Damina ta gaba kusan kowace rana sai na ƙetare ruwa. Dif ya fara gurnani a kwana, na ƙara ƙarar rediyo. Ranar da na buɗe, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar kindirmo. Farantan sun cinye, mota ta koma gidan jiya, taya ɗaya tana wulwulawa ɗaya tana kallo.

Darasin a nan ba shi da tsawo. Kada ka sayi abin da ba za ka iya kula da shi ba, kuma in ka saya ka kula da shi. Ka sa tiyon nan tun a makon farko, gaba da baya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kunya ta hana ni komawa wurin Malam Garba karo na uku. Ga Alhaji yana jiran kaya, ga ruwa bai ɗauke ba. Sai wani mai walda ya ce mini, "Kai ma da wahalar da kai kake. Kawo in haɗe maka ƙananan haƙoran cikin nan, tayoyin baya su zama abu ɗaya, ka huta har abada." Kafin azahar ya gama. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, walda tana aiki a laka, shi ya sa take yaudara. Makon nan na wuce wuraren da manyan motoci suka kafe, ina ɗaga musu hannu. Abin da na ƙi kulawa da shi shi ne duk kwanar da na sha a kwalta tayoyin baya sai sun yi kuka, motar tana ɗan tsalle, sitiyari yana cewa hagu ita tana son miƙewa.

Ranar kasuwar Gwiwa, ƙanena, Baffanka Idi, ya roƙe ni in rage masa hanya da buhunan gyaɗarsa. Lokacin kana goye. Wani dattijo ya riga shi zama a gaba, sai shi ya hau baya ya zauna a kan kayansa. Muna shan kwanar fita gari ya buga rufin mota, na tsaya, ya sunkuyo ya ce, "Yaya, me ya sa tayar nan take kuka haka?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Kai dai ka riƙe gyaɗarka."

Hanyar da na bi ta ratsa tsakanin duwatsu. Akwai gangara, a ƙarshenta kwana, kuma hanyar ta ɗan karkata wajen wani kwari. An yi ruwa da safe, jar ƙasar ta yi santsi. Wurin nan na bi shi ya fi a ƙirga. Na rage gudu kamar kullum, na karya sitiyari. Tayoyin gaba suka juya, motar ta ƙi, don na bayan da na sa aka ɗaure suna tura ta gaba sak. Na ƙara karyawa, na ɗan taɓa totur don ta shigo, sai tayoyin baya biyu suka saki ƙasa lokaci ɗaya. Da dif ɗin a sake yake, da ɗaya ta zame ɗaya ta riƙe. Yanzu babu mai riƙewa. Bayan motar ya share gefe, ta gangara kwarin ta kwanta a kan haƙarƙarinta.

Ni da dattijon muka fito da ƙujewa kawai. Baffanka kuwa bakin bodi ya danne masa ƙafar dama. Sai da mutanen da ke tafiya kasuwa suka taru suka ɗaga. Yana kwance a cikin laka da gyaɗa, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi yana kiran sunana. Ka tashi ka gan shi da sanda yana zaune a shago, wataƙila ka ɗauka haka Allah Ya halicce shi da son zama. Abba, mutumin nan a da babu wanda ke kama shi a kunyar gona a duk unguwarmu.

Da aka tambaye ni na ce birki ne ya shanye. Kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka yi mini jaje, ni mai laifin. Malam Garba ya zo duba motar. Ya taka birki, ya ji shi daram. Ya shiga ƙasa ya buɗe dif, ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya mayar da murfin ya ɗaure notinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya fito ya goge hannu ya dube ni. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara ce mini "ɗana" ba. Na yi baƙin ciki a rayuwata, na binne iyaye, amma wannan kallo da ƙafar ƙanena su ne ban warke daga gare su ba.

To, yanzu me za ka sa wa motar?

Daga baya na yi shekaru ina tuƙa wa masu haƙar burtsatse mota mai diflok, wato abin kulle dif da kai direba kake kunnawa ka kashe daga kujerarka. A nan na ga abin da na yi ta nema ta hanyar banza. A kwalta dif yana sake yana aikinsa. In ka zo mugun wuri ka kulle, tayoyin biyu su zama ɗaya, ka fita ka buɗe. Duk abin da walda za ta ba ka zai ba ka, bambancin kawai shi yana sakinka in ka ce ya saki. Shi nake so ka sa, kuma a baya kaɗai. Gaba ka bar shi yadda yake, don in ka kulle gaba sitiyari ya daina jin maganarka. Akwai mai aiki da iska, akwai mai wayar lantarki, akwai mai kebur da ake ja da hannu. A hanyarka ta ƙaya da kututture, ni mai waya ko mai kebur zan zaɓa, don in ya tsinke a ruga za ka iya ɗaurawa da hannunka, tiyon iska kuwa in ya huje sai ka nemi gari.

In diflok ya gagara samuwa, ka sa mai faranti, da mansa na gaskiya. A rairayi da hanyar da ta haɗa kwalta da burji ba shi da laifi, sai dai ka sani in taya ɗaya ta rataye a sama gaba ɗaya ƙarfinsa kaɗan ne, sai ka ɗan ja birkin hannu ka taimake shi. Akwai kuma wani mai kulle kansa ya buɗe kansa, yana ƙas-ƙas a kwana. Yana ja sosai, amma yana fizga ba sallama, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta da gwangwanayen madara suna tangaɗi a bayanka ba na son shi a gare ka.

In ka sami diflok ɗin, ga ladabinsa. Ka tsaya kafin ka shiga laka ka kulle, ba sai taya ta fara wulwulawa ba, don in ka kunna tana juyi haƙora za ka karya. Ka shiga a hankali, sitiyari a miƙe. Ƙafarka na taka ƙasa mai tauri ka buɗe. Wanda ya manta shi a kulle ya hau kwalta, da shi da mai walda duk ɗaya ne.

Na san abin da ke cin ranka. Madara ba ta jira, in mota ta kafe da hantsi kafin azahar wahalar mata nawa ta lalace, kuma kai sabon ɗauka ne, kana so Arɗo ya ce ya yi dace. Walda yini ɗaya ce, diflok kuwa sai an je Kano, sai an nema, sai an jira, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Duk na sani. Nura ma ba mugu ba ne, yaron kirki ne, abin da ya iya yake so ya taimake ka da shi, kamar yadda wancan mai waldar ya taimake ni. Amma ka tuna a ƙasar nan bayan a-kori-kura ba ya tafiya babu kowa. Yau tsohuwa ce za ta asibiti, gobe mai jego ce da ƙwaryarta za ta kasuwa, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, don ba haka muka rene ka ba. Su ba su san abin da ke cikin tulun ƙarfen nan ba. Kai kaɗai ka sani.

Ka je wurin Arɗo ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Allah Ya taimake ka, akwai gyara mai sauri, akwai mai kyau. Mai saurin yana kayar da mota a kwana, ba zan ɗauki mutanenka a kansa ba. A ba ni lokaci." Kafin kayan su zo, ka zaga ta tudu ko da hanya ta yi nisa, rugar da ba ta shiguwa kuma ku shirya a fito maka da gwangwanayen bakin hanya a kan babur. Arɗo dattijo ne mai kiwon rai, ina kyautata zaton zai gane. In kuma bai gane ba, ya karɓe makullin ya ba wani, ka gaya wa wancan ɗin abin da na gaya maka, sannan ka ɗauko jakarka ka dawo gida. Gona tana nan, tuwo yana nan, kuma wallahi ba za ka ji kalmar gori daga bakina ba.

Jiya na je shagon Baffanka. Na daɗe a zaune ina juya hula, sannan na ce, "Idi, zan gaya wa yaron nan gaskiyar abin da ya same ka."

Ya ce, "Wace gaskiya, Yaya?"

Na ce, "Ba birki ba ne."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ni ban iya mota ba, amma ba kurma ba ne ni. Tun a ranar na sani, kuma tun ina kan gadon asibiti na yafe. Ka rubuta masa duka, kada ka rage komai. Ƙafa ɗaya ta isa, kada gidanmu ya ƙara bayarwa."

Ban rage komai ba.

Ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, tun da hantsi za ka same ni a garejin Nura a Kazaure. Ba faɗa zan zo yi ba, ba kuma zan kunyata ka gaban abokinka ba. Benci zan nema in zauna. Motar amanarka ce, hukuncin naka ne. In ka zaɓi walda, sai ka ce masa ya kunna injinsa ina zaune ina kallonka. In ka fasa, mu bar ta a nan, mu hau motar Kano ni da kai, ba za mu dawo ba sai da abin da ya dace da ita.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa a lokacin da nake bukatarsa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka a tudu da gangara, Ya sa duk wanda ya hau bayan motarka ya sauka da ƙafafunsa biyu. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Direba